Mudun da ke Ƙeya: Ƙaramar Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

Bahaushe bai ba ƙeya wani matsayi na kirki a cikin maganarsa ba. Wanda kunya ta kama shi ne ke sosa ta, wanda ya yi laifi kuma ita ake tasawa zuwa gaban alƙali. Goshi ne ke da farin jini: a ce amarya mai goshi ce idan alheri ya biyo zuwanta, a ce ana goshin azumi idan watan ya gabato. Abin mamaki shi ne, ilimin likitanci ma ya shafe fiye da shekara 150 yana yi wa kan ɗan'adam irin wannan rabo. Tunani da hankali da hali duk an danƙa su ga babbar ƙwaƙwalwa, musamman sashenta na goshi. Ita kuwa 'yar curin da ke kwance a ƙeya, wadda ake kira serebelum da Latin, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa, an bar mata aikin dako: ta daidaita tafiya, ta hana tangaɗi, ta kai loma baki. Wannan rabo bai tsaya a cikin littattafai ba, ya shiga har gidajen da ake jinyar tsofaffi.

A wani gida na cikin birni, irin mai zaure biyu da sassa huɗu, an yi tsofaffi biyu da aka yanke wa hukunci ɗaya. Ta farko ita ce yayar maigidan, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ta haura shekara 80, ta dawo gidan ƙanenta bayan rasuwar mijinta. Na biyu shi ne maigidan kansa, ɗan shekara 63, ma'auni a kasuwar hatsi, wanda ya yi shekara 40 tsakanin buhu da tiya. Dukansu biyu an ce gigin tsufa ne ya kama su. Kalmar tana da sauƙin faɗi, tana kuma rufe bakin mai tambaya, domin ba wanda ke fita neman maganin tsufa. Mutum ɗaya ce a gidan zuciyarta ba ta kwanta da hukuncin ba. Ita ce 'yarsa ta uku, malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka ba ya kama sunanta, sai dai ya ce “Uwata”.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, larurorin biyu ba su yi kama da juna ba. Ta Gwaggo a hankali ta zo, cikin shekara biyar ko fiye. Da farko inda ta ajiye goronta take mantawa, daga baya ta shiga rikita sunayen jikoki, har ta kai ga tambayar ko an kai wa mijinta abinci, alhali ya daɗe a ƙasa. Amma tafiyarta daram take. Alwalarta ba ta tsallake gaɓa. Idan aka kirɓa fura aka miƙa mata, sai ta zauna tana mulmulawa, kowane curi daidai da ɗan'uwansa kamar an auna, yadda ta yi shekaru tana yi lokacin da fura ce sana'arta.

Ta Baba kuwa rana ɗaya ta fara. Da asuba ya tashi zai fita masallaci, sai ɗakin ya juya masa, ya dafe bango, ya yi ta amai. Kwana uku ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Hannu bai shanye ba, baki bai karkace ba, saboda haka ba wanda ya kawo bugun jini a ransa. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod a kemis, aka haɗa da jiƙe-jiƙe. Bayan mako uku ya miƙe, ya koma rumfarsa, aka yi godiya ga Allah.

Sai dai mutumin da ya koma rumfar ya sauya. Bai manta kowa ba; yana iya faɗin sunan kowane abokin ciniki har da na ubansa. Amma da zarar abu biyu sun haɗu masa, mai saye a gaba da mai biyan bashi a gefe, sai lissafin ya kwance. Ya yi cinikin gero ɗaya sau biyu a wurin dillali. Wata rana ya zuba wa mai sayen tiya ɗaya gyaran da ya kusa rabin tiya, washegari ya hana tsohuwar abokiyar cinikinsa ko ƙwaya. Muryarsa ta rasa hawa da sauka, zancensa ya zama guntu-guntu. Abin da ya fi ƙona ran iyalinsa shi ne ranar da aka je ta'aziyyar wani maƙwabci, ana zaune jugum, sai ya ɗauko labarin ban dariya, ya kuma ƙyalƙyale shi kaɗai. Dattijon da aka sani da kawaici ya koma faɗin abin da ya zo bakinsa a gaban surukai. A unguwa wasu suka ce abokan kasuwa ne suka yi masa sammu. Wasu, da suka tuna tangaɗin da ya yi a baya, suka fara raɗe-raɗin cewa ya faɗa shaye-shaye da girmansa. Manyan 'ya'yansa maza suka fara shawarar karɓe rumfar, a zaunar da shi a zaure kusa da Gwaggo.

Ɗan curin da aka raina

Ƙaramar ƙwaƙwalwa nauyinta kimanin giram 150 ne a jikin baligi, wato wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Amma a 2009, wata masaniya 'yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙirga ƙwayoyin jijiya da ke cikin kan ɗan'adam, suka sami kimanin biliyan 86, kuma biliyan 69 daga ciki a wannan ɗan curin suke. Ke nan, cikin kowace ƙwaya biyar, huɗu a ƙeya suke zaune. Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Raina ta da aka yi yana da dalili. A 1824, wani Bafaranshe mai suna Pierre Flourens ya riƙa cire wannan sashe daga kan tantabaru. Tsuntsayen ba su shanye ba, suna gani, suna ji, amma sun kasa tsayuwa da tashi sama cikin tsari. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, likitan sojan Birtaniya Gordon Holmes ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya, ya wallafa abin da ya gani a 1917. Sojan zai miƙa hannu ya ɗauki kofi, sai hannun ya zarce ko ya gaza isa, ya yi ta rawa yayin da ya kusanci abin da yake nufi. Likitoci suna kiran wannan alama dismetiriya, kalmar Girkanci mai ma'anar ɓacin awo. Ɓacin awon hannu ido yana ganin sa daga nesa, shi ya sa aka rubuta shi, aka koyar da shi, aka tsaya a kansa.

Sai a 1986 wasu mutum uku a Amurka, Henrietta Leiner da Alan Leiner da Robert Dow, suka fito da tambayar da aka daɗe ba a yi ba. Sun lura cewa ɓangarorin gefe na ƙaramar ƙwaƙwalwa sun bunƙasa ƙwarai a jikin ɗan'adam fiye da sauran dabbobi, tare da bunƙasar ƙwaƙwalwar goshi, suka ce da wuya a ce tafiya kawai ta buƙaci wannan girma. Bayan shekara biyu, Steven Petersen da abokan aikinsa a birnin St. Louis suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna cikin aiki. Idan aka ba mutum kalma ya maimaita, wasu sassa ne ke motsawa. Idan kuma aka ce ya kawo aikatau da ya dace da kalmar, misali a ce guduma ya ce buga, sai gefen dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa ya kama aiki. Motsin baki ɗaya ne a duka biyun, abin da ya ƙaru shi ne neman kalma. A 1994 Frank Middleton da Peter Strick suka bi sawun jijiyoyi a kan birai, suka tabbatar da cewa akwai hanya da ta tashi daga ƙeya, ta ya da zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta sauka a sashen goshi inda ake tsara shiri da yanke shawara.

Wanda ya kawo maganar gaban gadon majiyyaci shi ne Jeremy Schmahmann, likitan jijiyoyi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston. A 1998, shi da Janet Sherman suka wallafa bayanin mutum 20 da cutarsu ta tsaya a ƙaramar ƙwaƙwalwa kaɗai. Sun same su da rauni wajen tsara aiki da sauyawa daga wani abu zuwa wani, da rauni wajen fahimtar siffa da wuri, da tawaya a harshe, da sauyin hali: ko dai mutum ya yi sanyi ƙalau, ko ya rasa linzami ya riƙa wasa da zolaya inda ba su dace ba. Larurar ta fi tsanani ga waɗanda ciwon ya taɓa sashen baya na curin, sauyin hali kuwa ya fi fitowa idan ya taɓa siririn gadon da ke tsakiya. Schmahmann ya kira abin ɓacin awon tunani. Hujjarsa ita ce, saƙar jijiyoyin ƙaramar ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, don haka aikin da take yi wa hannu shi take yi wa duk sashen da aka haɗa ta da shi. Tana hasashen inda motsi zai sauka, ta gwada da inda aka nufa, ta gyara tun kuskuren bai bayyana ba. Hannun ma'auni da ya san tiya ta cika tun bai duba ba, da harshen dattijo da ya san inda zai tsaya a zaman makoki, mudu ɗaya ne ke auna musu. A 2011 Randy Buckner ya duba hoton ƙwaƙwalwar mutum 1,000, ya ga cewa mafi yawan faɗin ƙaramar ƙwaƙwalwa da sassan tunani yake hulɗa, sassan motsi kuwa ƙaramin kaso suka samu.

A gaban likita

Malamar ba ta san duk wannan tarihi ba lokacin da ta roƙi yayyenta su ba ta wata ɗaya kafin a taɓa rumfar. Abin da ta riƙe shi ne, tsufa ba ya sauka da asuba ɗaya. Ta kai Baba asibitin koyarwa, aka tura su sashen jijiyoyi, suka yi zaman layi har bayan azahar.

Likitan ya fi ba da lokaci ga tambaya fiye da awo. Da ya ji labarin jirin da aman, sai ya gyara zama. Ya auna jini ya tarar ya hau sosai, Baba kuwa bai taɓa sanin yana da hawan jini ba. “Baba, a daure a taɓa hanci da ɗan yatsa, sannan a taɓa nawa yatsan,” in ji shi. Hannun ya tafi daidai, sai ɗan kauce kaɗan ta dama. Ya sa shi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na bin yatsu, nan ya ɗan yi tangaɗi. Ya faɗa masa kalmomi biyar ya ce ya riƙe. Sannan ya ce ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya. Mutumin da ya tashi a cikin dabbobi ya ce akuya, tunkiya, saniya, jaki, ya sake cewa akuya, ya yi shiru, bai kai takwas ba lokaci ya cika. Kalmomin nan biyar kuwa, uku suka dawo da kansu, biyun da suka maƙale suka fito da aka ɗan yi masa ishara. Likitan ya bayyana wa malamar cewa wannan bambanci yana da muhimmanci. Mai cutar Alzheimer sau da yawa ko an yi masa ishara kalmar ba ta dawowa, domin tun farko ba ta shiga rumbu ba. Shi Baba ajiyarsa tana nan, hanyar ɗaukowa ce ta rikice.

Hoton na'urar maganaɗisu, wanda sai da dangi suka yi karo-karo kafin a biya kuɗinsa, ya nuna tabon tsohon bugun jini a bayan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta dama, ya ɗan ci zuwa tsakiya. Wata jijiyar jini ce ta toshe a waccan asubar. Likitan ya ce an yi sa'a, domin irin wannan bugu yakan kumbura cikin kwanakin farko, ƙeya kuwa wuri ne matsattse, kumburin yana iya danne tushen ƙwaƙwalwa inda numfashi yake. Jiri mai tsanani da ya zo farat ɗaya, tare da amai da kasa tsayuwa, ga mai shekaru ko mai hawan jini ko ciwon suga, abin garzayawa asibiti ne a ranar.

A hanyar komawa gida Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can ya juyo ya ce, “Uwata, ashe ba haukacewa na yi ba?” Ta ce, “A'a, Baba, jijiya ce ta toshe.” Sai a lokacin ta gane cewa duk maganganun unguwa sun isa kunnensa.

Abin da ya rage a hannun Gwaggo

Labarin Gwaggo ta ɗaya gefen yake nuna aikin wannan curi. Cutar da Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a Jamus a 1906 tana da alamomi biyu a cikin ƙwaƙwalwa: dunƙulen wani furotin mai suna amiloyid a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da sarƙaƙiyar wani mai suna tau a cikinsu. Heiko Braak da Eva Braak sun nuna a 1991 cewa tau yana farawa ne daga can ciki, saitin kunne, a maƙwabtan hifokamfus, wato sashen da ke karɓar sabon abu ya kai shi ajiya. Dalili ke nan da ya sa Gwaggo take tuna ranar aurenta amma ta manta ta ci tuwo. A 2002 Dietmar Thal da abokan aikinsa suka kasa yaɗuwar amiloyid zuwa mataki biyar, ƙaramar ƙwaƙwalwa ce ta zo a mataki na ƙarshe. Sarƙaƙiyar tau kuwa da wuya a same ta a can.

Sani iri biyu ne a kan ɗan'adam. Akwai na baki, wanda ake iya faɗi: suna, rana, wuri, abin da ya faru jiya. Akwai kuma na sabo, wanda jiki ke riƙewa: tuƙa keke, ɗaura zani, bakace, mulmula fura. An gane rabuwarsu ne ta wurin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka cire wa mafi yawan hifokamfus na gefe biyu a 1953 don maganin farfaɗiya, ya wayi gari ba ya iya riƙe sabon abu. Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum yana ƙara gwanancewa, kullum kuma bai tuna ya taɓa yin aikin ba. A 1986 Paul Eslinger da Antonio Damasio suka ga irin haka ga masu cutar Alzheimer: sun kasa riƙe kalmomi da fuskoki, amma hannunsu ya koyi sabon aiki. Sanin sabo yana dogara ne da ƙaramar ƙwaƙwalwa tare da wasu curarraki da ke gindin babbar, kuma cutar takan jinkirta kafin ta isa gare su. Hannun Gwaggo bai manta fura ba saboda mudun ƙeyarta yana nan da sauran ƙarfinsa.

Wannan jinkiri ya sa masu bincike suka ɗauki ƙaramar ƙwaƙwalwa a matsayin wurin da cutar ba ta taɓa ba. Har yau, idan za a auna yawan amiloyid a hoton ƙwaƙwalwar mai rai, sau da yawa da ita ake gwada sauran sassa. Amma shaidu sun taru da ke nuna cewa kuɓutarta ba cikakkiya ba ce. A yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya akwai wata babbar zuriya da ke gadon cutar Alzheimer, tana kama su tun suna 'yan shekara arba'in da wani abu, wadda likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bibiya. A ƙwaƙwalwar mamatansu an sami amiloyid mai yawa a ƙeya, tare da lalacewar manyan ƙwayoyin Purkinje, waɗanda ta bakinsu ne saƙon ɓawon curin ke fita. Wani bincike da mujallar Brain ta buga a 2016 ya nuna cewa ko a cutar Alzheimer ta gama-gari ƙaramar ƙwaƙwalwa tana motsewa, kuma tana zaɓar wuri: sassan da ke hulɗa da inda cutar ta ci a babbar ƙwaƙwalwa su ne ke ramewa. A wata cutar gushewar tunani da ke fara cin goshi da gefen kai, wadda ke sauya hali kafin ta taɓa tunawa, wasu sassan ne na daban ke ramewa. Sauyin ƙwayar gado da aka gano a 2011, wanda shi ne ya fi yawan haddasa nau'in wannan cuta da ake gado, yana tara gurɓataccen furotin mai yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa.

Masana sun rabu wajen fassara waɗannan shaidu. Wasu na ganin ramewar sakamako ce kawai, kamar yadda kasuwar ƙauye ke mutuwa idan hanyar da ke kawo mata fatake ta yanke. Wasu na ganin curin yana da nasa kason a cikin raunin tunanin, musamman jinkirin fahimta da rikicewar tsari. Akwai kuma masu cewa a farkon cutar ƙaramar ƙwaƙwalwa ƙara himma take yi don ta rufe giɓin da aka samu a gaba, kuma alamomi kan tsananta ne lokacin da ita ma ta gaji. Fassarar ta uku ce ta sa ake gwajin motsa ta daga waje da maganaɗisu ko ƙaramar wutar lantarki, ganin cewa tana kusa da ƙashin ƙeya. Gwaje-gwajen ƙanana ne tukuna, ba su zama magani ba.

Kalma ɗaya, cututtuka da yawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar gushewar tunani, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na adadin. A Nijeriya, binciken da ya fi shahara shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis, inda aka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka. An sami cutar a kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. Wani bincike a kan tsofaffin Zariya da aka buga a 2011 ya sami kusan kashi 3. Adadin ya nuna abu guda a fili: mafi yawan tsofaffi suna kai ƙarshen rayuwarsu da hankalinsu. Gigi cuta ce da ke samun wasu, shekaru kaɗai ba sa kawo shi.

Idan haka ne, kalmar gigin tsufa ta zama buhun da aka zuba hatsi iri-iri aka ɗinke baki. A ciki akwai Alzheimer. Akwai raunin da ƙananan bugun jini ke tarawa. Akwai ƙarancin bitamin B12 da taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake iya yi wa magani. Akwai kuma ciwon ƙeya irin na Baba, da wanda daɗewar shan giya ke jawowa, da wanda maganin farfaɗiya na fenitoyin ke haifarwa idan ya yi yawa a jini, da nau'o'in da ake gado. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini da ciwon suga da shan taba da raunin ji da ƙarancin karatu, suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar gushewar tunani. Hawan jinin da ya toshe jijiyar Baba yana cikin jerin, kuma awonsa bai kai minti biyar ba.

Kwance bakin buhun yana buƙatar kayan aiki da harshen mutane. A 2018 Schmahmann da abokan aikinsa sun fitar da ɗan gajeren gwaji na gano ɓacin awon tunani a ɗakin duba marasa lafiya, amma da Ingilishi aka tsara shi, kuma wasu tambayoyinsa sun ɗauka cewa majiyyaci ya saba da fensir da takarda. Ma'aunin da ya yi karatun allo, wanda ke riƙe bashin mutum talatin a ka, zai iya faɗuwa gwajin zana akwati alhali lafiyarsa ƙalau. Mayar da irin waɗannan gwaje-gwaje zuwa Hausa, da auna su a kan lafiyayyun tsofaffin karkara da birni, aiki ne da likitan jijiyoyi ba zai iya shi kaɗai ba sai da masanin harshe.

A gidan, ba a karɓe rumfar ba. Aka ɗora Baba a kan maganin hawan jini da na hana jini daskarewa. Autansa ya karɓi littafin bashi da hulɗa da dillalai, shi kuma ya ci gaba da awo, mai saye ɗaya a lokaci ɗaya. Malamar ta bi surukai da manyan unguwa ta yi musu bayani, ta nuna wa liman hoton, shi kuma ya ja kunnen masu raɗe-raɗi. Cikin shekara guda zancen Baba ya ƙara tsawo, ɓarin bakin ya ragu ko da yake bai ƙare ba, kuma idan za a je zaman makoki ɗaya daga cikin 'ya'yansa yakan zauna kusa da shi.

Gwaggo ba ta sami sauƙi ba, cutarta gaba take yi. Abin da ya sauya shi ne yadda ake zama da ita. An hana yara tsayawa a gabanta suna cewa “Gwaggo, wane ne ni?”, tambayar da ba ta haifar da komai sai firgici da kuka. Kowace safiya ana kirɓa gero kaɗan a kai mata, ko da ba mai sha'awar fura a ranar. Takan yi awa guda tana mulmulawa cikin natsuwa, kuma a ranakun da ta yi wannan aiki rigimar yamma takan yi sauƙi. Wata rana Baba ya zauna kusa da ita kafin ya fita kasuwa, ya ɗauki curi biyu ya jinjina a tafin hannunsa, ya ce, “Yaya, har yanzu awonki bai ɓaci ba.” Ba ta gane shi ba, amma ta miƙa masa na uku ta ce gyara ne.